Likita Stirrett, Bature Mai Magani

Da yawa cikin masu bi na ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ba su taɓa jin sunan Andrew Park Stirrett ba, amma kakanninmu da suka fara karɓar bishara sun ci moriyar wahalarsa. Littafi Mai Tsarki na Hausa da suka fara riƙewa a hannu, yana cikin waɗanda suka juya shi. Waƙoƙin da suka yi sujada da su kuma, da hannunsa a ciki. Hausawan zamaninsa ba su wahal da bakinsu wajen faɗin sunansa ba, sai suka sa masa Bature Mai Magani. Ya yi wajen shekara 46 cikin ƙasar nan, a nan kuwa ya mutu. Mun kawo labarinsa a wannan wata domin mu ga yadda ƙauna ta ke sa'ad da ta zama aikin kowace safiya.

Mai kantin magani

An haife shi a shekara ta 1865 cikin lardin Ontario, a ƙasar Kanada. Da ya girma ya koyi haɗa magani, ya zauna a babban birnin nan Toronto. Allah ya sa wa cinikinsa albarka har ya mallaki kantin magani biyu, da gidaje, da ajiya. Yana cikin wannan kuma ya shiga karatun likita. Duk wanda ya dube shi a lokacin nan sai ya ce mutumin nan ya gama shirin zamansa na duniya, saura ya ci ya sha ya tsufa cikin girma.

Amma a birnin nan akwai wani saurayi, sunansa Rowland Bingham, wanda zancen ƙasarmu ya hana shi barci. A watan Disamba na 1893 shi da abokansa biyu, Walter Gowans da Thomas Kent, suka sauka Ikko da nufin su kawo bishara ƙasar Hausa. Ba a yi shekara guda cikakkiya ba bayan sun kama hanya, sai Gowans ya mutu a Girku cikin ƙasar Zazzau, Kent kuwa ya mutu a Bida, dukansu a 1894. Bingham ya koma gida da ciwo. A 1900 ya sāke zuwa, zazzaɓi ya sāke kā da shi, aka mai da shi. Da ya ga jikinsa ya ƙi ƙasar, sai ya kama alƙalami, ya rubuta ɗan littafi a kan bukatar mutanen da ke zaune tsakanin Kwara da Tafkin Chadi.

Ɗan littafin nan ya faɗa hannun mai kantin magani. Ya karanta, abin ya zauna masa a zuciya, ya rasa sukuni. A lokacin nan shekarunsa sun kai wajen 37, ga shi kuwa mishan ɗin ba ta da abin nuna wa kowa sai kaburbura biyu. Ba ta da kuɗi, ba ta yi wa kowa alkawarin albashi. Duk da haka ya sayar da kantunansa, ya danƙa dukiyarsa domin aikin Ubangiji. Sa'an nan, don kada a ɓad da kuɗin aikin a kan jin daɗinsa, ya shiga jirgin ruwan da ke ɗaukar shanu zuwa Ingila. Mai gidajen haya ya ƙetare teku tare da dabbobi.

A Ingila ya tsaya a Liverpool, inda aka kafa makarantar koyon cututtukan ƙasashen zafi a 1898. Shekara guda kafin wannan, watau 1897, wani likita mai suna Ronald Ross ya gano cewa cikin sauro ƙwayar zazzaɓi ta ke girma. Stirrett ya koyi abin da aka sani a lokacin, ya sāke shiga jirgi. Wajen ƙarshen 1902 ya iso Patigi, a ƙasar Nufe, bakin kogin Kwara, inda mutum huɗu na mishan suka kafa zama a wannan shekara. Mishan ɗin nan ce daga baya aka sani da sunan S.I.M. Ba a daɗe ba ciwo ya watsa waɗanda ya tarar, waɗansu aka mai da su gida. Shi kuwa ya zauna.

Ƙwayar kwinin da addu'ar asuba

Ku duba, 'yan'uwa, ba da dukiya aikin yini ɗaya ne. Mutum ya sa hannu a takarda, an gama. Abin da ya biyo baya shi ne ya fi wuya, watau a tashi kowace safiya a sāke ba da kai, ba mai kallo, ba mai yabo. A nan ne halin Likita ya bayyana.

Ya kan tashi tun da sauran dare, kusan ƙarfe huɗu, ya yi addu'a kafin gari ya waye. Ya kan sha kwinin kullum, ba fashi, ko da ya ke ɗacinsa ya fi maɗaci. Ya kan gargaɗi sababbin zuwa su ma su riƙa sha, su kiyaye kansu daga rana da sauro. Gama ya gane cewa jikinsa ba nasa ba ne, kayan aiki ne da aka ba shi amana, gawa kuwa ba ta wanke wa kowa gyambo. Waɗanda suka riga shi sun ba da ransu cikin 'yan watanni, Allah ya karɓi hadayarsu. Shi kuwa aka ba shi rabon ya ba da nasa kaɗan kaɗan, shekara da shekaru.

Gajeren mutum ne, mai sauri. Waɗanda suka yi tafiya tare da shi sun ba da labari cewa tafiyarsa kusan gudu ce, har samarin da ya girme su nesa su kan gaji su bar shi gaba. Bai yi aure ba. Zamansa kuwa na mai ƙaramin ƙarfi ne, ba ya tara kaya.

A zangon fatake

A 1904 aka buɗe wurin mishan a Wushishi, kusa da Zungeru inda Gwamna ya ke zaune a zamanin nan. Abin da Likita ya ke so shi ne ya shiga Kano da Katsina da Sakkwato, amma gwamnatin Turawa ba ta yarda ba. Da suka ci ƙasar a 1903 sun yi wa sarakuna alkawari ba za su taɓa addininsu ba, saboda haka suka tsare mishan daga zama cikin ƙasashen sarakunan Musulunci. Wannan hani ya daɗe wajen shekara 30.

Wani mutum da sai ya yi fushi ya koma garinsu, ya ce an hana shi aiki. Likita ya duba ya ga ko da an hana shi zuwa wurin Hausawa, ba a hana Hausawa zuwa wurinsa ba. Ayarin fatake suna bi ta wannan hanya da jakunansu, suna kai kanwa da tufafi da fatu kudu, suna komowa da goro. Da yamma su kan sauka a zango bayan gari. Can ya kan tafi, da magani a hannu da babban hoto na labarin Littafi Mai Tsarki. Ya kan duba masu ciwo, sa'an nan ya ɗaga hoton ya yi wa'azi kafin duhu ya yi. A bakin mutanen nan Hausarsa ta nuna.

Ku lura da wannan da kyau. Falke baƙon dare ɗaya ne. Da asuba ya ɗaura kaya ya wuce, watakila ba za a sāke ganinsa ba har abada. Ba zai zo sujada ran Lahadi ba, ba zai kawo baiko ba, ba za a rubuta sunansa cikin littafin ekklesiya a aika Kanada a ce ga amfanin aiki ba. Yawancinsu Musulmi ne, da addininsu suka zo, da shi kuma suka tafi. Likita ya san haka sarai, amma bai sa ya rage masu magani ko fara'a ba. Ubangijinmu Yesu Kristi ya koya mana cikin Luka sura 14 mu kira waɗanda ba su da abin rama mana zuwa cin abincinmu. Zangon Wushishi makarantar wannan koyarwa ce.

Akwai wani abu kuma. A 1917 aka sa Guy Playfair ya zama shugaban aikin mishan a ƙasar nan. Likita ya girme shi, ya kuma riga shi zuwa da shekaru, ban da haka dukiyarsa tana cikin abin da ya tsai da mishan da ƙafafunta. Amma ya ci gaba da aikinsa ƙarƙashin ƙanensa har tsufa. Dattawan ekklesiya da ke jin zafi idan an zaɓi yaro a bisansu, ga abin tunani.

Littafin da ba sunansa a kai

Babban aikin da ya ci shekarunsa shi ne juya Maganar Allah zuwa Hausa. Ba shi kaɗai ba ne. Likita Mila na C.M.S., wanda ya zauna a Zariya tun 1905, shi ne ya ɗauki mafi yawan kayan, tare da waɗansu Turawa na mishan dabam dabam, da malamai Hausawa waɗanda in ba don su ba da Hausar ba ta fito daidai ba. Aiki ne na haƙuri. A kan zauna a kan kalma guda a yi ta juya ta, a tambayi wannan a tambayi wancan, har a sami wadda manomi da matarsa za su ji su gane. A 1932 aka buga dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa. Shi ne aka yi ta karantawa cikin majami'unmu har sabuwar fassara ta fito a 1979, har yanzu kuwa akwai tsofaffin da ayoyin da suka haddace na tsohon ne. Ku buɗe shi ku duba bangonsa, ba za ku ga sunan Likita ba. Haka nan waƙoƙin sujada da ya shirya da Hausa, an yi ta rera su a ƙauyukan da bai taɓa takawa ba, masu rerawa ba su san ko wane ne ya yi wahalar ba.

Ƙofa ta buɗe

Bayan fitowar Littafin, sai hanin nan ya fara sassautawa. A 1933 S.I.M. ta sami wurin zama a Kano. A 1937 aka danƙa mata lura da masu ciwon kuturta a Yadakunya ta Kano, da Amanawa ta Sakkwato, da Babbar Ruga kusa da birnin Katsina, a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. A lokacin nan ba a sami maganin da ke kashe ciwon sosai ba tukuna, sai allurar wani mai da ke da zafi ƙwarai, da wankin miki, da ɗauri, yau da gobe. Yanzu kam, godiya ga Allah, kuturta tana warkewa sarai, maganinta kuma kyauta a ke bayarwa. Amma kada mu manta, ƙofar da gardama ba ta buɗe ba, ruwan wankin miki ne ya buɗe ta.

Daga nan aiki ya bazu. Kafin Likita ya rasu an kafa mishan a Malumfashi, maƙwabciyar Ƙanƙara. Mutanen C.M.S. kuma daga Wusasa suka kai Maska wajen Funtuwa, da Tsafe wadda ke iyaka da ƙasar Faskari. Ta waɗannan hanyoyi bishara ta shiga gidajen Maguzawa, kakannin da yawa daga cikinmu. A lokacin nan Likita ya haura shekara 70. Samari ne suka shiga gonar da ya yi shekara 30 yana tsaye a bakin shingenta yana addu'a, ya kuwa yi murna da shigarsu.

Shekarunsa na ƙarshe a Jos ya yi su. Haƙar kuza ta tara mutane can daga ko'ina, Kanawa da Katsinawa da Zazzagawa da Sakkwatawa. Kowace rana tsohon nan ya kan ɗauki hotonsa ya tafi kasuwa, ya tsaya ya yi wa'azi da Hausa, masu ji su ji, masu dariya su yi. Waɗanda suka rubuta labarinsa sun ƙiyasta ya yi wa'azi wajen sau 20,000 cikin zamansa a ƙasar nan. Yana kan wannan aiki har ƙarfinsa ya ƙare. Ya rasu a Jos a watan Yuli na 1948, ya haura shekara 80. Shekara shida bayan mutuwarsa, a 1954, ekklesiyoyin da suka fito daga aikin S.I.M. suka haɗu suka zama E.C.W.A. Wannan ma bai gani da idonsa ba.

Mu fa?

Ba mu ce Likita mala'ika ne ba. Ɗan Adam ne, ya kuma zo a zamanin da farar fata ke buɗe wa mutum ƙofofin da ba a buɗe wa baƙi. Ba kuwa kowa a ke kira ya sayar da gonarsa ya ƙetare teku ba. Manzo Bulus ma ya gargaɗe mu cikin wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korantiyawa, sura 13, cewa mutum ya iya rabar da dukan mallakarsa ya tashi a banza in ba ƙauna a ciki. Abin da ya tabbatar da kyautar Likita ta 1902 shi ne safiya dubu goma sha da suka biyo bayanta. Wannan kuwa kowane mai bi ya iya koyi da shi, ko ba shi da ko kwabo.

Ƙasarmu ta sha wuya a shekarun nan. Ba wanda ya manta da daren 11 ga Disamba 2020, sa'ad da 'yan bindiga suka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, iyaye suka kwana shida ba barci kafin a sako su. A 2021 aka rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, aka tsai da cinikin dabbobi a kasuwanni, aka yanke waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da namu uku. Ƙauyuka sun tashi, gonaki sun kwana ba shuka, waɗansu sun sayar da gadonsu don su fanshi 'yan'uwansu. Masifar nan ba ta tambayi addinin kowa ba. Ta shiga gidan mai zuwa masallaci, ta shiga gidan mai zuwa majami'a.

Wahala irin wannan ta kan ƙanƙance zuciya. Mutum ya kan ce, bari in ji da nawa tukuna. Ya kan fara ƙidaya wane ne namu, wane ne ba namu ba. To, a nan ne a ke gwada ƙaunarmu, ba a taron shekara ba. Zangon fatake ya zo har ƙofar gidanmu.

Ga iyalin da suka gudo daga ƙauyensu da tabarma da tukunya ɗaya, suna kwana a makaranta ko a kangon wani. Kai mai ɗaki biyu, ka tambaye su addininsu kafin ka buɗe ɗaya? Ga gwauruwar da aka kashe mijinta a gona, damina ta faɗi, ba mai yi mata huɗa. Samarin ekklesiya, ina gayya? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga mai rumbu cike da masara, yana jira watan Agusta ya yi, tiya ta yi tsada, sa'an nan ya buɗe, alhali 'ya'yan maƙwabcinsa suna kwana da yunwa. Ga wanda ya ba ɗan'uwansa rance ran da aka sace matarsa, yanzu yana matsa masa ya biya da gonar da ta rage. Ga Bafilatana mai tallan nono, wadda ba ta saci kowa ba, watakila ma shanun mijinta aka fara korawa, amma ta shigo gari kowa ya ɗaure fuska. Mata masu Zumunta, wa zai fara gaishe ta, ya ba ta ruwa? Cikin misalin da Ubangiji ya bayar a Luka sura 10, wanda ya tsaya ya ɗaure wa mai rauni miki daga kabilar da a ke ƙi ya fito, wanda ya taimaka kuwa ba nasu ba ne.

Har cikin gida ma haka ne. Tsohuwar da ta rikice, tana faɗa da mai ba ta abinci, ba za ta gode ba. Marayan da aka kawo maki riƙo, ki duba ko tuwonsa daidai ya ke da na 'ya'yan cikinki. Maigida, ran da uwargida ta kwana da zazzaɓi, ɗaukar tulu ba ya rage maka girma. Waɗannan ba wanda zai rubuta su cikin jarida, kamar yadda ba a rubuta sunan Likita a bangon Littafi ba. Uban da ke gani a ɓoye ya gani.

Kada kuma mu manta da ƙwayar kwinin. Ƙauna ba ta ce ka yi ganganci ba. Ka ji gargaɗin masu tsaro, kada ka bi hanyar da aka ce kada a bi, ka rataya gidan sauro, ka kai yaro asibiti tun ciwo bai yi nisa ba. Ka kiyaye ranka domin akwai waɗanda za su bukace ka gobe. Sa'an nan ka tashi da wuri ka nemi fuskar Ubangiji, gama rijiyar da ba ta da idon ruwa ba ta daɗewa a na ɗiba. Likita bai ƙaunaci fatake da ƙarfin kansa ba. Ya san Wanda ya fara ƙaunarsa, ya ba da ransa dominsa a kan gicciye tun bai roƙa ba, daga can ya ke ɗebowa kowace asuba.

Ya mai karatu, kada ka ajiye takardan nan ka ce sai ran da ka sami dukiya. Ka tuna da mutum ɗaya a unguwarku wanda ba shi da abin rama maka. Ka tafi wurinsa yau, gama zumunta a ƙafa ta ke. Gobe kuma ka koma.

Ubangiji ya ba mu zuciya mai ƙauna, da haƙurin da za mu riƙe ta har matuƙa. Amin.